Baba Tsoho da Injin Yankan Ciyawa

Sakandaren 'Yan Mata,
Gidan Tsamiya, ta Makoda.
Farkon Yuli.

Zuwa ga Baba Tsoho, Malam Hashimu, a Bacirawa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna Safiyatu da duk mutan gida. Yaya ƙafar, yaya damina? Mu nan ruwa sai godiya, gero har ya kai gwiwa.

Na san za ka ce yau kuma me ya haɗa jikarka da takarda. To ai kai ka jawo. In na kira ka a waya sai ka yi ta "Iye? Iye?" har in gaji, saƙon waya kuma ka ce rubutun ƙanana ne kamar kiyashi. Shi ya sa na ba Naziru direba wannan ya miƙa maka.

Albishirinka! Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta kawo mana injin yankan ciyawa, na hawa, mai kujera da sitiyari, ja wur, irin wanda ka ƙare ƙuruciyarka a kansa a filin kulob. Filin wasanmu ne ya zama daji, har maciji ya sari wata ɗaliba a can, Allah dai ya taƙaita. Da shugabar makaranta ta ce wa zai riƙe injin, bakina ya riga hankalina, na ce ni, tunda ni ce malamar aikin gona, kuma jikar Hashimu Mai Inji. Ga makulli yanzu a jakata, ni kuwa ko keke da ƙyar nake juya shi.

Baba Tsoho, ban taɓa ganin mai tattalin ƙarfe kamarka ba. Keken ɗinkin Inna ya girmi babana, amma har yau ko tari ba ya yi, saboda hannunka. Don Allah ka rubuto mini abin da zan yi, kada in ba da kai a gaban yara.

A gaida Inna. Ka huta lafiya.

Jikarka,
Aina'u.

*

Bacirawa.
Ranar Litinin.

Zuwa ga Malama Aina'u.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da addu'ar Allah ya yi miki albarka. Muna lafiya, ƙafa kuma da sauƙi.

Ke ja'ira, takardarki ta iso, na karanta har na maimaita. Wato sai da kika karɓi makulli sannan kika tuna kina da kaka. To buɗe kunnenki, tunda ke kina da shi.

Kafin ki taɓa makulli, ki taka filin nan da ƙafarki, lungu da saƙo. Dutse, ƙashi, waya, gwangwani, duk abin da wuƙar injin ta tsinta jifa take yi da shi, kuma ba ta duba wanda ke tsaye. Kada ki shiga ciyawa da raɓa, ki bari rana ta ɗaga. Baƙin mai ki duba shi kullum tun inji yana sanyi. Fetur kuma ba a zuba shi inji yana huci, sai ya huce. In wani abu ya naɗe wuƙa, ki kashe, ki zare makulli ki sa a aljihu, ki cire wayar fulogi, sannan hannunki ya shiga ƙarƙashi. Hijabin nan naki mai sharar ƙasa ki bar shi a ofis, domin bel ɗin inji bai san malama ba. Ki ɗinka gajere ki cusa cikin riga. Kujerar ta mutum ɗaya ce, kada ki goya kowa, ko da 'yar shugabar makaranta ce. Kuma ba a yin baya sai an waiwaya.

A cikin kwalin da ya zo da injin za ki ga abin toshe kunne. Ki sa shi, ko da yara za su yi miki dariya. Ƙara yake ragewa, ba zai hana ki jin ihu ba. A zamaninmu babu wanda ya san da shi, ga shi yau ina Bacirawa amma jikata sai ta rubuto mini takarda kamar ina Makka.

Ina da roƙo guda. Tun da aka sallame ni daga aiki saboda kunnen nan, ban sake zama a kujerar inji ba. Ki bar ni in zo in hau, in yanka layi ɗaya tak, daga wannan ragar ƙwallo zuwa waccan. Ban nemi ƙari ba. Ban gaya wa Innarku ba, ke ma kada ki gaya mata.

Wassalam.

Kakanki,
Hashimu.

*

Gidan Tsamiya.
Ƙarshen Yuli.

Baba Tsoho,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma godiya. Allah ya ƙara nisan kwana.

Wallahi da ban bi maganarka ba, da yanzu wani labarin ake yi. Na taka filin kamar yadda ka ce, ina ƙunƙuni a raina cewa tsoho ya cika tsanani. Ban yi nisa ba na yi tuntuɓe da turke. Ashe filin cike yake da turaku da guntayen igiya, na awakin da ake ɗaurewa tun bara. Ina cikin tumɓuke su sai ga mace ta miƙe daga cikin kyasuwa, a gabana, da lauje a hannu. Saura kaɗan in zura da gudu. Da a kan inji nake, wallahi ba zan gan ta ba.

Sunanta Luba, gidansu na bayan makaranta. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Malama, an ce kin sayo motar da za ta cinye abincin awakinmu." Ka san garin nan, gona ta haɗe da gona, ko taki ɗaya ba a bari ba. Da damina kowace dabba a ɗaure take, sai an yanko an kai mata. Filin makaranta ne kaɗai ya rage musu, matan unguwar duk nan suke tsugunawa, ciyawa ta rufe su ruf.

Na je gidanta muka zauna da su. Muka shirya cewa su za su riga ni shiga, su yanke harkiya da kyasuwa da laujensu, ni kuma in bi baya in daidaita. Ranar da inji zai fita, ba mai shiga, kuma su da kansu za su tsare hanyar rijiya da ta ratsa filin. Abin da inji ya zubar yara su share su tara musu. Shugabar makaranta ta yarda. Gefen kududdufi kuwa na bar wa lauje gaba ɗaya, gangarar nan ban yarda da ita ba.

Wani abu kuma. Da na ɗaga daga kujera sai injin ya mutu. Na ɗauka lalacewa ce, na kira wani bakanike, ya ce waya ce a ƙarƙashin kujera, bari ya haɗe ta in huta. Har ya ɗauko filaya, sai na tambayi kaina me za ka ce. Na ce ya bar min kayana. Daga baya na gane an yi ta ne don in mutum ya faɗo, wuƙa ta tsaya.

Na yi yankan farko. Ya karkace kamar hanyar shanu, amma ba wanda ya ji ciwo. Da abin kunnen nan da guntun hijabi, 'yan aji uku sun sa min suna Matuƙiyar Jirgi.

Maganar zuwanka, bari mu ga yadda ruwa zai yi tukuna.

Taka,
Aina'u.

*

Bacirawa.

Aina'u,

Salamu alaikum. Ina gaishe ki, yaya aiki. Ki yi haƙuri da rubutun, na yaƙi da jahilci ne, ni ce Innarku.

Kakanki yana ganin ya ɓoye min. Mutumin da ya fito da tsohon kakinsa daga ƙasan akwati, ya wanke da kansa, ya kai guga, me ya rage bai faɗa ba? Takardarki kuwa kullum tana aljihunsa. Da ya zo inda kika ce kin hana a taɓa wayar kujera, sai ya buga cinya ya ce, "Wannan jinina ce!" Duk wanda ya zo gaishe shi sai ya karanta masa. Rabon da in ga haƙoransa a waje haka har na manta.

Amma ki saurare ni. Kunnen nan ya wuce inda kika sani. Kwanan baya a bakin titi mai adaidaita ya yi ta danna masa oda daga baya, mutane na ihu, shi kuwa yana tafiyarsa. Wani mai shayi ne ya fizgo shi. Bai san abin da ya faru ba sai da ya ga goshin adaidaita a gefensa. Ya hana a gaya wa kowa.

Ya ce Asabar mai zuwa zai biyo Naziru, ko kin kira shi ko ba ki kira ba. Ni ban iya hana shi ba, tun auren fari ban taɓa iyawa ba. In kin ba shi makullin nan, ina tsoron abin da zai taka. In kin hana shi kuma, na san zai dawo ya zauna a zaure ya daina magana, irin zaman da ya yi da aka sallame shi, ban kuma san ko wannan karon zai tashi ba. Na rasa wanda zan ce ki yi. Ke kika yi boko, Allah ya ba ki dabara.

Ki yaga takardar nan in kin karanta. A gaida mutan makaranta.

Innarku,
Safiyatu.

*

Gidan Tsamiya.
Lahadi.

Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Da fatan Baba Tsoho ya iso gida lafiya. Na rubuto ne saboda hankalina bai kwanta ba.

Da niyyar hana shi na je tarbarsa, har na haddace abin da zan faɗa. Da na gan shi ya sauko daga mota cikin kakin nan, ya sha guga, ya yi masa yawa a kafaɗa, sai na fasa. Na ce a raina to bari in tsare filin iya ƙarfina. Yara na ɗakin kwana, na sa aka rufe ƙofa. Luba da ƙawayenta na raba su a bakin kowace hanya.

Inna, da kin ga mijinki. Na ce masa na riga na taka filin, ya ce da ƙafata ko da tasa? Ya zaga shi kaf da sandarsa, ya kuwa tsinto guntun ƙarfen garma da na tsallake. Sannan ya zo wajen injin, ya cire wayar fulogi, ya durƙusa da wannan gwiwar tasa, ya kankare ciyawar da ta daskare a ƙarƙashi. Ya shafa bakin wuƙa da ɗan yatsa, ya fito da magagari daga aljihu ya gyara ta. Ya kakkaɓe matatar iska, ya danna kowace taya, sannan ya mayar da wayar fulogi. Bai yi gaggawa ba, bai kuma sake wani abu sau biyu ba. Matan nan da suka zo gadi suka saki baki suna kallo. Ni kuwa alfahari ya cika ni har na ji ƙwalla.

Na miƙa masa makulli. Ya hau, ya gyara zama, ya ɗora hannu a sitiyari, sai ya koma min kamar ɗan shekara arba'in. Ya sa makulli bai murɗa ba tukuna. Ana haka Luba ta baro inda na ajiye ta, da damin ciyawa a ka, ta zo ta bayansa ta tsaya dab da taya tana ta zuba gaisuwa, "Sannu Baba, sannu da zuwa, Allah ya saka da alheri, jikarka ta riƙe mu da mutunci." Can ya juyo ya amsa mata da fara'a, ta koma.

Daga nan ya daɗe yana kallon ragar can. Sai kawai ya zare makulli, ya sauko, ya kama hannuna ya sa min. Ya ce, "Hau ki yi in gani." Na ce, "Baba Tsoho, ai kai ka zo yi." Ban sani ba ko ya gane abin da na ce, ya dai nuna min kujera. Da na tayar, ya ɗora tafinsa a kan murfin injin na ɗan lokaci, ya gyaɗa kai, ya tafi gindin darbejiya ya zauna har na gama.

Da zai tafi albarka kawai ya sa min. Inna, ko tsoron da ke fuskata ya gani? Ko ya san kin rubuto min? In ni na karya masa zuciya, ba zan yafe wa kaina ba. Don Allah ki gaya min yadda yake, ko yana cin abinci.

Jikarki,
Aina'u.

*

Bacirawa.
Ranar Laraba.

Aina'u,

Assalamu alaikum. Innarku ta bar takardarki a kan tabarma, na san kuma da gangan ta yi.

Ba fuskarki ba ce. Inji a kashe, gari tsit, baiwar Allah ta tsaya a bayana da dami a ka tana magana, ban san da ita ba sai da inuwarta ta faɗo kan sitiyari. Da na murɗa makullin nan na yi baya, da na gama da ita. Da wanda na koya wa aiki ne ya hau a haka, da na sauko da shi. To na sauko da kaina.

Ya yi min ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Amma ina cin tuwona, ki tambayi Innarku.

Wani abu ne ban taɓa sani ba. Duk shekarun da na yi ina aikin nan, a kan kujera na yi su, ban taɓa zama a gefe na kalli ana yi ba sai ranar Asabar. Ashe haka yake da kyau.

Allah ya yi miki albarka.

Kakanki,
Hashimu.