Ranar Da Baba Ya Shiga Kogo

Morgat, ranar Litinin

Zuwa ga Yaya Armelle,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya gwiwar nan taki? Mu nan da sauƙi.

Na ga saƙonki, kuma ban ji haushi ba. Gaskiya kika faɗa, na gaji. Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye, ni ke ɗaga shi, ni ke yi masa wanka, har bayana ya fara ba ni tsoro. Gidan kula da tsofaffin nan na kan tudu sun ce za a samu ɗaki ƙarshen wata. Ban ce musu e ba, ban ce a'a ba. Ta ina zan fara gaya wa mutumin da ba zai iya buɗe baki ya ce bai yarda ba? Har yau kalma ɗaya ce ta rage masa, "madalla". Ko miya ce ta ƙona shi, madalla.

Jiya na tura shi a keken marasa lafiya zuwa bakin ruwa, ya hango 'yan yawon buɗe ido suna layin shiga jirgin Goulven, mai kai mutane cikin kogon dutsen da ke bakin teku. Sai ya riƙe hannuna yana ta nunawa. Baba fa! Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana sayar musu da burodi yana yi musu dariya, wai sun taso tun daga Paris don su leƙa rami.

Goulven ya ce, "Kawo shi ranar Alhamis in ruwa ya kwanta. Tsohon nan ya sha korata daga shagonsa da tsintsiya, yanzu ya faɗo hannuna."

Na san za ki ce ganganci ne. Zan kai shi.

Taki,
Soazig

Morgat, ranar Juma'a

Yaya Armelle,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan kun tashi lafiya. Ki samu wuri ki zauna kafin ki karanta.

Mun je. Goulven da wani fasinja ne suka cicciɓi Baba suka sa shi a jirgi, muka ɗaura masa rigar hana nutsewa, kai ka ce jariri. Da muka bar gaɓa, igiyar ruwa ta fara ɗaga mu tana saukewa, fuskarsa ta yi fari fat. Na ce a raina, shi ke nan, na kashe ubanmu saboda rami.

Bakin kogon ƙarami ne, sai da kowa ya sunkuyar da kai. Amma ciki, Yaya, kamar majami'a. Dutsen ja da kore da ruwan goro, haske na tasowa daga ƙarƙashin ruwa. Kullum yana nan kusa da gidanmu, ba wanda ya taɓa zuwa a cikinmu.

Goulven ya kashe inji, ya ce, "To, mai murya ya gwada, kogon nan ba ya riƙe magana, sai ya maido maka." Kowa ya ji kunya. Sai na ji waƙa a gefena.

Waƙar Mama ce, wadda take yi in tana kwaɓa fulawa da asuba. Baba ne yake rera ta, kalma bayan kalma, ba wadda ta faɗi. Muryar ta tsufa, tana rawa, amma dutse ya ɗauke ta ya dawo da ita kamar maza uku ke yi. Wata Bajamushiya da ba ta jin ko kalma ɗaya ta fashe da kuka. Goulven ya juya mana baya, wai yana gyara igiya.

Da ya gama na kama shi ina cewa, "Baba, ka yi magana! Faɗi sunana!" Ya yi ta kokawa da bakinsa, har jijiyar wuyansa ta tashi. Abin da ya fito, madalla. Ya kawar da kai.

A hanyar dawowa, inda jirgi ke zagayo dutse a hango gari, ya ja hannun rigata. Ya nuna gidan tsofaffin can kan tudu, ya nuna ƙirjinsa. Sannan ya sake ɗauko karin waƙar nan a hankali, ya ɗora nasa kalmomin a kai, da ƙyar, ɗaya bayan ɗaya: "Kai ni can, 'yata. Kin gaji."

Ashe duk wayar da muke yi da ke a ɗakin girki, ina rage murya, yana ji. Ya san komai tun tuni, hanyar faɗa ce ya rasa.

Na ce, "Baba, ban gaji ba." Ya yi mini kallon nan da yake yi mana in mun ce ba mu muka taɓa kek ɗin kanti ba. Dariya ta kama ni, hawaye na zuba, har Goulven ya ce, "Ke Soazig, ruwan da ke ƙarƙashinmu bai ishe ki ba?"

Yau da safe na je gidan tsofaffin na gaya musu mun karɓi ɗakin. Tagarsa na kallon teku. Ma'aikaciyar ta ce sun taɓa ganin masu irin ciwonsa da waƙa ke buɗe wa baki, akwai mai zuwa tana koya musu duk mako. Ban sa rai da yawa ba, ke ma kada ki sa.

Abu ɗaya nake roƙonki. Ki zo ƙarshen wata mu kai shi tare, ba zan iya fitowa daga ɗakin nan ni kaɗai ba. In kin zo kuma, kada ki tambaye ni yaya jikinsa a gabansa. Shi za ki tambaya.

Ki gaida mutanen gida duka.

Ƙanwarki,
Soazig