Naɗin Waya a Bayan Kujera

Litinin, 3 ga Maris

'Yata Auta ta kawo motar asibitin da take tuƙawa shagona na gyaran rediyo. Wai rediyon oba-oba na motar na cizon leɓe: da ta danna ta yi magana sai abin maganar ya ɗana mata wuta, fitilun gaban direba su hau rawa. Tun da ta karɓi aikin nan ban da gaisuwa ba abin da ke haɗa mu. Na ce ta ajiye makulli.

Laraba, 5 ga Maris

Wanda ya kafa eriyar nan, Allah ya shirye shi. A kan fenti ya ɗaure ta, gindinta bai taɓa ƙarfen mota ba. Wutar da ya kamata ta tashi sama sai ta biyo bayan waya ta dawo cikin mota. Na kankare fentin, na naɗe wayar kamar gammo, na zura mata zobban da ke tare ɓatacciyar wuta, na tura bayan kujera. Ban yi mata bayani ba. Ta ce, "Na gode, Baba." Na ce uhm.

Talata, 11 ga Maris

Ciwon oba-oba ya dawo. Ta ɗauko mai naƙuda, ta yi ta kira, asibiti ba su ji komai ba sai ƙara. An sauka lafiya, amma ogansu ya ce in aka sake, teburin ofis zai mayar da ita.

Abin da nake roƙo ke nan tun farko. To me ya hana ni cin abinci?

Alhamis, 13 ga Maris

Uwarta ta ce, "Ka dai san ba mai iya gyara shi sai kai." Ta ajiye min shayi ta fita. Matar nan!

Asabar, 15 ga Maris

Na leƙa bayan kujera. Babu gammo. Waya a miƙe sambal, an ɗaure ta tsaf da ƙyalle, zobba na cikin aljihun mota. Auta ta sunkuyar da kai: "Na ga ta cukurkuɗe ne, Baba, na ce bari in gyara maka." Tun tana rarrafe haka take, ba ta ganin abu a hargitse ta ƙyale. Dariya ta ƙwace min, sai kuma tausayinta ya kama ni.

Da a ce na yi shiru, da ofis za ta koma. Na miƙa mata wayar na ce ta naɗe da kanta. Hannuna a kan nata, ina gaya mata amfanin kowane zobe. Yatsunta sun yi kanta saboda sitiyari, ban sani ba.

Juma'a, 21 ga Maris

Rediyon shago na kan tasharsu tun safe. Gwaji ne kawai, aiki na buƙatar a bi shi. Da hantsi na ji ta tar, ba ko ɗigon ƙara: "Mun iso ƙofa, a kawo gado." Mai walda na maƙwabta ya leƙo ya ce wace ce wannan?

Na ce direba ce. Tawa.