Mata Shida a Ɗakin Kawu

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan kana lafiya, kai da mutanen gida. Sau uku ina zuwa ofishinka ana ce mini kana tiyata, alhali ina jiyo tarinka daga ciki. Shi ya sa na ɗauki biro.

Ka san abin da na gano a ɗakin gwaji. Mata shida da ka yi wa aiki, mikinsu ya ƙi warkewa. Na ɗebi mugunyar kowacce na gwada, ƙwayar cuta iri ɗaya ce a jikinsu duka. Na jarraba ta da magani goma sha ɗaya, goma ba su ko girgiza ta ba. Na rubuta rahoto na miƙa. Jiya sai na ji an kori tsohuwar da ke goge ɗakin da suke kwance, wai ita ce ba ta da tsabta.

Kawu, ita ce ke buɗe bandeji? Famfon bakin ƙofa wata huɗu ke nan bai ɗiga ba, har an ɗora fayil-fayil a cikin kwamin wanke hannun. Robar sabulun kuwa ruwa ake ƙara mata tana ta dishewa. Ranar Talata na tsaya ina kallo kuna zagayen marasa lafiya, kai da likitoci biyar a bayanka. Ka taɓa mikin gado na biyu, ka wuce na uku, ka wuce na huɗu, safar hannu ɗaya. Su ma haka suka yi, don kai suke kallo. Sannan duk wadda aka kwantar sai a ɗura mata allura mafi ƙarfi tun kafin a san me ke damunta, wai don shirin ko-ta-kwana. Ga shi ƙwayar ta saba da allurar, sai ka ce abincinta.

Ɗaya daga cikin matan shidan, mai ɗinkin kaya da ke gado na huɗu, ɗan ƙaramin ƙari aka cire mata. Cewa aka yi kwana uku za ta yi. Yau kwananta ashirin da shida. Ta tambaye ni, “'Yar nan, ni da na zo da ƙafata, me ya same ni?”

A mayar da tsohuwar nan bakin aikinta, a dakatar da tiyata har a tsabtace ɗakin. Roƙona ke nan. Na bar ka lafiya.

'Yarka ta ɗakin gwaji

*

'Yata,

Wa alaikis salam. Takardarki ta iso, na karanta ta sau ɗaya, kuma sau ɗayan ya isa.

Shekarata talatin da ɗaya ina riƙe wuƙar tiyata. Ranar da aka haife ki ni na tsaya a kan mahaifiyarki. Yau ke ce ke laɓewa a bakin ƙofa kina ƙirga mini safar hannu?

Maganar famfo, na rubuta wa masu gyara takarda bakwai, ki je ki duba. Kwalin safa ɗaya ake ba mu a sati, gadaje ashirin da huɗu. Ke kina zaune da gilasanki cikin sanyi, ƙwayar cuta ba ta kuka, ba ta da dangi a bakin ƙofa. Ni mutum ɗari da tara ke jiran layi. Idan na rufe ɗakin, ke za ki je ki gaya musu su koma gida da ciwonsu?

Korar tsohuwar ba ni na yi ba, shugabanni ne. Ban hana ba, wannan gaskiya ne.

Kwamitin asibiti zai zauna ranar Alhamis. An sake rubuta rahotonki da harshen da ya dace, an cire sunan ɗakina, an sa “ana ci gaba da bincike”. Ki sa hannu. Idan kika ƙi, za su tura ki wani ƙaramin asibiti, kuma ba zan buɗe baki ba. Allah ya shirye ki.

Kawunki

*

Auta,

Sallama da fatan alheri. Ina gajiya, ina aiki. Ki yi haƙuri da rubutun, tabarau ɗina ya karye, da ido ɗaya nake lalube.

Kawunki ya zo jiya, ko zama bai yi ba. Ya ce, “Yaya, 'yarki ta zage ni a rubuce.” Na ce ai da sauƙi tunda ba a baki ba, bai yi dariya ba. Auta, ban haife ki don ki tozarta ƙanena ba. Da mahaifinki ya rasu shi ya tsaya a kan karatunki, shi ya kai ki makaranta a motar haya, akwatinki a cinyarsa. Ko shi ne da laifi, akwai yadda ake gaya wa babba. Ki je gida ki durƙusa ki ba shi haƙuri. Umarni ne.

Sai wata magana da ta tsaya mini a rai. Kin san maƙoƙon nan nawa da aka ce za a cire a watan gobe. Da zai fita na ce masa to, na shirya, a ajiye mini gado kusa da taga. Sai ya juyo da sauri ya ce a'a, shi zai kai ni wani asibitin, wajen wani abokinsa. Na ce, “Ni da ƙanena likita, in je baƙo ya yanka mini wuya?” Ya ce, “Yaya, ba za ki kwanta a ɗakina ba yanzu.” Na ce saboda me, ya ce zafi ya yi yawa a ɗakin. Ni dai na tsufa, amma ban tsufa da gane ƙanena in yana ƙarya ba, tun yana yaro kunnensa yake ja.

Har yanzu ina kan bakata, ki ba shi haƙuri. Amma takardar nan da ya ce ki sa wa hannu, ki karanta ta da kyau tukuna. Allah ya yi miki albarka.

Innarki

*

Kawu,

Bayan gaisuwa. Inna ta ce in ba ka haƙuri, kuma ina ba ka, a kan kaifin harshena. Abin da ka yi mini a rayuwa ba zan manta ba.

Amma ta gaya mini ka hana ta kwanciya a ɗakinka. Ashe ka yarda da rahotona tun farko. Ka san abin da ke cikin ɗakin nan, ka janye yayarka, ka bar na wasu. Mata uku aka kwantar shekaranjiya, su ma suna da ƙanne, sai dai ƙannensu ba likitoci ba ne. Wannan ya fi korar tsohuwar yi mini ciwo.

Maganin nan guda da ya rage, an fara yi wa mai ɗinkin shi, ƙodarta ta kasa ɗauka. Yau da safe ba ta gane mijinta ba. Yana zaune a benci da 'yarsu mai shekara biyu, yana gode wa duk mai farar riga da ya wuce. Har ni ya gode mini.

Ba zan sa hannu ba. Zan zo gaban kwamiti da rahotona na asali. Su tura ni inda suka ga dama. Ka huta lafiya.

'Yarka

*

'Yata,

Salam. Mai ɗinkin ta rasu jiya da la'asar. Ni na gaya wa mijin, kuma na gaya masa a ina ta ɗauki cutar.

Na rufe ɗakin da hannuna, na shaida wa kwamiti rahotonki na farko shi ne daidai. Sun ce in ajiye shugabancin sashen, na ajiye. Na je gidan tsohuwar in roƙe ta ta koma aiki, ta karɓe ni a tsaye, ta ce za ta yi shawara.

Ki zo ranar Litinin da kayan gwajinki, za a duba hannun kowane ma'aikaci. Ni ne na farko a layi.

Gidana kuwa, ki ɗan dakata tukuna. Ba zan iya kallon idonki ba yanzu.

Kawunki