Ƙorafi Kan Jiƙon Saiwar Da Ke Cikin Firij

Zuwa ga: Mai girma Shugaban Cibiyar Binciken Tsirrai
Daga: Mai gadin ƙofar gaba
Kwanan wata: 19 ga Mayu

Game da: Takardar tuhumar da aka ba ni, da ainihin abin da ya faru

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da ladabi, ina amsa tuhumar cewa na bar bakin aikina sau tara ranar Talata, 14 ga wata. Sau goma sha ɗaya ne. Ga dalili:

1. Da ƙarfe goma na safiyar ranar na buɗe firij ɗin ma'aikata, na tarar da gora mai sanyi, babu rubutu a jikinta. Na ɗauka shayi ne ya huce. Na sha rabi, na ji ɗaci, na ce ƙila na manya ne, na ƙarasa.

2. Ashe jiƙon saiwa ne da Dakta mai ɗakin gwaji na biyu take ɗura wa ɓeraye don ta ga ko yana sa fitsari. Ranka ya daɗe, yana sawa. Kason ɓera arba'in na shanye ni kaɗai.

3. Banɗakin ƙasa a kulle yake tun watan jiya. Na sama kuwa matakala talatin da biyu ne, kuma shekarata sittin da ɗaya. Baƙin da suka yi ta danna hon a ƙofa su yi haƙuri, ina matakala ta ashirin.

4. Da Dakta ta ji labari ba ta yi min sannu ba. Murna ta yi. Ta biyo ni har bakin ƙofa da littafi da kofin awo, tana tambayar nauyina a gaban masu shara. Tun ranar suke kirana Famfo.

Don haka ina roƙon a janye tuhumar, a buɗe banɗakin ƙasa, a kuma saya wa ɓeraye nasu firij ɗin.

Saboda tsoron Allah zan ƙara da cewa kumburin ƙafata na shekara biyu ya sace, har takalmina na shiga ba tare da matata ta taya ni turawa ba. Ina roƙon wannan ya tsaya tsakanina da kai. In Dakta ta ji, na shiga uku.

Ka huta lafiya.

Naka mai biyayya,
Baba Dogo, mai gadi