Ɗan Rakiya

Talata, 22 ga Janairu, 2008

An yi arba'in ɗin Yaya Mijinyawa, mutane sun watse, an bar ni da tabarmi. Likitan da ya duba shi a ƙarshe ya sa an kira ni kilinik ɗinsa. Wai kansar hanji tana bin 'yan'uwa, kuma da an leƙa cikin Yaya tun da wuri da an tsinke abin yana ɗan tsiro. Ya ce nawa zai leƙa. Na ce ta ina? Ya nuna min wani baƙin tiyo mai fitila a baki, ya faɗi ta inda zai shiga. Tun ina saurayi nake juya hanjin shanu a mahauta, ban taɓa kawowa a raina za a zo kan nawa ba.

Nas ɗin, Maryamu, Bahausa ce 'yar unguwar Milezi. Ta ce za a yi min allurar barci, don haka dole in zo da ɗan rakiya. "Baba, in ba wanda zai mai da kai gida, ko wando ba za mu ce ka kwance ba." Yarinyar ba ta da kunya ko kaɗan.

Lahadi, 27 ga Janairu

Wa zan ɗauka? Matata Batulu tana kabari. Yarinyata ta fari, wadda ko a nan ba na rubuta sunanta, tana Maiduguri goyon ciki wajen gwaggonta. Idris na rumfar gefena, in ya ji da safe, kafin azahar duk mahautan unguwarmu Sabangali sun san ta inda aka shiga da ni.

Saura mijin yarinya, can unguwar Atrone. Tun da aka ɗaura aure bai taɓa wuce zaurena ba. Yana tsugunawa daga nesa, ya gaida ni da kai a ƙasa, in amsa ina kallon bango. Ba mu taɓa cin abinci a gaban juna ba, ban taɓa kiran sunansa ba. Shi zan ce wa zo ka raka ni a duba min dubura? A'a.

Talata, 29 ga Janairu

Na ga jini a bayan gida. Kaɗan. Haka na Yaya ya fara.

Alhamis, 31 ga Janairu

An hana ni nama, ni mahauci. An hana ni karkanji, wato zoɓo, wai jansa yana kama da jini a cikin hanji. Sai farin kunu da ruwa. A kasuwa ana ta cewa motocin 'yan tawaye sun taso daga gabas. Kullum sun taso.

Na yanke shawara. Ran Asabar, ranar da aka sa min, zan ce wa Maryamu ɗan rakiyata yana waje yana shan shayi.

Juma'a, 1 ga Fabrairu

Na sha maganin wankin cikin. Ko masallaci ban samu zuwa ba. Ni da buta muka yini.

Asabar, 2 ga Fabrairu

'Yan tawayen sun shigo. Tun hantsi gari ke girgiza. Maƙwabta sun ɗaure kaya a ka sun nufi gada za su tsallaka Kusiri ta Kamaru. Idris ya buga ƙofa yana cewa "Gado, fito!" Na ce masa su yi gaba ina zuwa. Ina zan je? Ciki wayam, ƙafa kamar ta ɗan maraƙin da aka haifa yanzu.

Unguwa ta yi tsit, sai ƙarar bindiga da akuyar wani da aka manta a ɗaure. Na ji tsoro. Ba na harsashi ba, na in mutu a nan ba wanda zai sani sai wari ya fita.

Litinin, 4 ga Fabrairu

An yi sallama a zaure. Mijin yarinya ne, da ƙafa tun daga Atrone, rigarsa duk ƙasa. Ya tsuguna inda ya saba. Na ce me ya hana shi tsallakawa. Ya ce, "Baba, an ce ba a gan ka a gada ba."

Ya dama kunu ya ajiye a bakin ƙofata ya koma. Ya shimfiɗa buhu a zaure. Gida ɗaya, maza biyu, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya yana sha.

Alhamis, 7 ga Fabrairu

Har yanzu bai tafi ba. Yana share tsakar gida idan ya ga na shiga ɗaki.

Talata, 19 ga Fabrairu

Na je kilinik. An farfasa tagogi, an kwashe kujeru, amma tiyon yana nan, likita ya gudu da shi gida a bayan mota. Maryamu ta kalle ni ta kalli bayana. "Ina ɗan rakiyarka?" Na ce yana waje. Ta fita ta duba ta dawo. "Baba, ɗan'uwanka ma haka ya yi ta ɗagawa." Jinin bai tsaya ba.

Da na dawo na tsaya a zaure, na fuskanci bango, na faɗa wa mijin yarinya duka. Har da ta inda. Ya ce, "Wace rana ce, Baba?" Shi ke nan abin da ya tambaya.

Talata, 26 ga Fabrairu

An yi. Ban san komai ba sai da na farka na ji ana ɗaura min mazagi. Shi ne, ya kau da kai gefe yana yi da lalube. Likita ya ce ya tsinke tsiro biyu, ya nuna min su a kwalba, ba su kai ƙwayar wake ba. Ɗayan ne ke jinin. Za a aika da su Kamaru a duba.

A kan babur jiri ya ɗebe ni. Ya ce, "Baba, ka riƙe ni." Na riƙe ƙugunsa har gida, a gaban duk wanda ke Sabangali.

Juma'a, 14 ga Maris

Sakamako ya dawo. Ba kansa ba ce tukuna, amma likita ya ce hanyarta ya kama. In koma bayan shekara uku, da ɗan rakiya.

Na yanko ƙirjin bijimi mai kyau, na gasa da kaina. Kwanonin duk ba a wanke ba, shi ya sa na zuba mana a ɗaya. Ba wani abu ba ne. Ya fi ni cin yaji. Gobe Lukumanu zai koma Atrone, an ce yarinya ta kusa haihuwa.

Na ga sunan da na rubuta a sama. Biro ne, ba ya goguwa. A bar shi.