Sun Ce In Rataya Lambar In Tari Nasara

Allah gafarta Malam, ka agaza mini da shawara, ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

Shekara shida na yi a jirgin yaƙin Nasara, can yamma a kogin Kwara, ina cusa itace a wutar injinsa. Hafsanmu Bafaranshe ne, muna ce masa Jan Gemu. Da igiya ɗaya a hannun riga na same shi, da uku na baro shi, don duk garin da ya ci sai a ƙara masa girma. Akwai wani garin masunta da suka tarbe mu da farin rago. Washegari ya sa aka juya musu igwa, wai sun ɓoye itace. A kan wannan aka maƙala masa lambar yabo, mu ma aka ba mu.

Na dawo Madarunfa ina kamun kifi a tafki, lambar na cikin tukunya, har ranar da matata Inde, uwar surutu, ta nuna wa maƙwabta. Yanzu fatake sun ce Nasara na tafe, hayaƙi na bin bayansu. Baffana Abarshi da dattawa sun ce in rataya lambar in tari Nasaran, in sun ga abinsu za su ƙyale gari. Kowa ya saki jiki, ko dami ɗaya ba a kawar ba. Ni kuwa labarin masuntan nan ban taɓa ba kowa ba, don ni na kai harsashi bakin igwar. Kunya ta hana ni faɗa, tsoro ya hana ni sukuni.

Tsohon ɗan jirgi, Madarunfa

Ɗan'uwa, dattawanku ba su yi wauta ba. Mai yiwuwa wani hafsa ya ga lambar ya sassauta, kuma kunyarka shaida ce zuciyarka ba ta mutu ba. Amma sun gina shawararsu a kan rabin labari, sauran rabin yana bakinka.

Ka sami Abarshi yau, ba gobe ba, ka faɗa masa duka har da harsashin. Zai yi fushi, ka jure. A tura mata da yara dajin Gabi, a binne gero, a ɓoye kwale-kwale. Bayan haka, in ka ga za ka iya, ka rataya lambar ka fita kai kaɗai.

Ka tuna wanda ke tafe shi ma igiya yake nema, kuma ka fi kowa sanin inda ake samunta. Masuntan nan ba su da wanda zai gargaɗe su. Madarunfa tana da kai.

Allah ya yafe maka, ya tsare garinku.

Malam Shu'aibu