Askin Makokin Adongo

Zuwa ga ɗana Owiti, a Doha.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kuma zafin ƙasar bai gama gasa ka ba. Allah ya tsare ka a kan aikinka. Mu nan Ugunja lafiya lau, masara ta yi goyo. Kujerar mahaifiyarka na nan gindin mangwaro inda ta bar ta. Kaji ke hawa yanzu, ni kuwa ba na korarsu, ko ba komai ana motsi a gidan.

Maganar 'yarka Adongo ce ta sa na ɗauki alƙalami. Bayan mun binne mahaifiyarka, da aka zo askin makoki, jikoki duk suka zame, kowa da uzurinsa. Na ce wa Adongo ita ma ta bari, zamani ya wuce wurin. Sai ta zauna a kan turmi ta ce, "Kaka, ita ta yi mini kitso tun ina rarrafe. Bari ta tafi da gashin." Aka aske ta tas.

Da ta koma otal ɗin nan na Kisumu inda makaranta ta tura ta koyon aiki ba albashi, manaja ya ɗauke ta daga teburin karɓar baƙi ya kai ta wajen wanki, wai kanta zai sa baƙi su ɗauka cuta gare ta. Ta yi masa bayani, ya ce ƙauyanci ne, ta sa gashin kanti ko ta tafi. Ta ƙi, ya sallame ta. In kuwa bai sa mata hannu ba, ba za ta gama makaranta bana ba.

Muka je ofishin ƙwadago. Jami'in ya saurare mu da ladabi, sannan ya ce a saninsa wanda ba a biyansa ba ma'aikaci ba ne, don haka ba a kore ta ba. Na ce to wane ne ya yi ta yi musu sammako, aljani? Ya yi dariya, ya raka mu bakin ƙofa.

Daga nan na wuce otal ɗin da nawa askakken kan, na zauna tsakiyar baƙi na sayi shayi. Har "ranka ya daɗe" aka ce mini. Ashe kan da ke biyan shayi ba ya tsorata kowa.

Yanzu wata lauya a Nairobi, ƙawar gwaggonta Akumu, ta ce jami'in bai faɗi daidai ba, za ta ɗauki maganar, ta kuma nema mata wani otal a can. Adongo ta ce ba za ta je ba, wa zai tuƙa mini tuwo? Na ce mata tuwonta ma gudaji ne, hutawa zan yi. Ba ta yi dariya ba.

Owiti, kai take jin maganarka. Kira ta ka ce ta tafi. Kada ka tambaye ta yadda nake kwana, kada kuma ka ce ni na roƙe ka. Gashin ya fara tsirowa, ina so a shiga kotu tun alƙali na iya ganin abin da aka kore ta a kansa.

Ka gai da Ochola ɗan maƙwabcinmu in kun haɗu. Akumu da baffanka Ragen suna gaishe ka. In ka gama magana da ita, ka kira ni ko da ba ka da labari. Wayar na aljihuna kullum.

Mahaifinka,
Okeyo Wandere